Mai neman haya a Gombe, je ka ga layin kafin ka guji unguwa

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da magidantan da canjin aiki ko neman abinci ke kawowa Gombe da iyali a bayansu.

Ni mutumin Azare ne. Da aka yi mini canjin aiki, ni kaɗai na fara zuwa, na bar uwargida da yara huɗu a gida. Kuɗin hannuna ba su kai hayar gida a unguwannin GRA ko Federal Low Cost ba, Tumfure kuwa ta yi mini nisa da wurin aiki. Sai dillali ya kai ni Pantami ya nuna mini ciki biyu da falo, da dogonyaro a tsakar gida. Da na faɗa a ofis, wani dattijo ya ajiye biro ya ce, "Malam, da 'ya'ya mata za ka shiga Pantami? Ba ka ji labarin 'yan Kalare ba?" Kafin dare maganar ta isa Azare, surukata ta bugo tana cewa in ji tsoron Allah kada in kai mata jikoki cikin masu adda.

Ba zan ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Kalare gaskiya ce a garin nan. Tun wajajen zaɓen 2003 'yan siyasa suka riƙa ɗaukar matasa marasa aikin yi suna ba su kuɗi da kayan maye, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta kawo batun a rahotonta na 2007. Akwai gidajen da har yau suke kukan ɗan da aka sare musu. Mu ma mutanen jihar Bauchi mun san irinsa da sunan Sara-Suka. To amma Pantami unguwa ce babba, ga filin wasa, ga kasuwa, ga makarantu, ga dubban magidanta. Sai na ce wa kaina gani ya kori ji.

Sau uku na koma ba tare da dillali ba. Na farko bayan isha'i. Na zauna a teburin mai shayi na bakin layi ina kallon masu wucewa. Na ga mata uku sun dawo daga biki suna tafe suna hira, ba sauri ba waiwaye. Na ga yaran makarantar dare da allunansu. A majalisar ƙofar masallaci dattawa ne da samari a tabarma ɗaya. Wannan ya fi mini duk rantsuwar dillali, domin inda mata ke tafiya a natse da dare, to akwai masu tsawatarwa a wurin. Na biyu na je sallar asuba, na tarar da sahu biyu cike, kusan rabi matasa.

A zuwa na uku na nemi mai unguwa. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, ina son in kawo iyali. Yaya Pantami take?" Ya ce, "Ɗana, kar ka tambaye ni Pantami, tambaye ni layin nan." Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce akwai wani kango lungu uku daga nan inda yara ke taruwa suna shaye-shaye, kada in bar nawa su bi ta can ko da rana. Ya ce layin yana da 'yan sintiri, kowane gida yana ba da ɗan abin da aka yanka a wata. Ya kira mai kantin kusurwa, wanda ya ce sau ɗaya aka taɓa fasa masa shago, kuma kafin azahar iyayen yaron suka dawo da kayan da kansu.

Abin da ya hana ni wancan gida ba Kalare ba ce. Da uwargida ta zo dubawa, ba ta ma shiga ɗaki ba, ta tsaya a tsakar gida ta nuna mini bango. Wani layi ne ja-ja da ya zagaye katangar daidai gwiwa, an shafe shi da sabon fenti amma ya fito. Ta ce, "Malam, ruwa yana kwana a gidan nan." Ta leƙa maƙwabta, matar gidan ta nuna mata inda suke ɗaga buhunan masara a kan bulo duk damina. Babu wanda ya yi mini wannan gargaɗi a ofis, alhali shi ne babban abin tsoro a Gombe. Garin yana cikin kwari ne, ƙasarsa yashi, ruwa yana gangarowa daga tudun yamma ya ratsa unguwanni. Tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 mutane suka yi ta gini har a kan hanyar ruwa. Duk wanda ya yi shekaru a nan zai ba ka labarin ambaliyar 2004, kuma kwarurrukan zaizaya sun ci gidaje da dama kafin a fara ɗaure wasu da kankare. Muka bar wancan, muka kama wani a saman layin, ɗan tsada kaɗan, amma dokin ƙofarsa ya ɗara titi.

Sai kuma ruwan sha. Famfon garin daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, kuma ba kowane layi yake isa ba. Ɗan garuwa za ka tambaya, shi ya san layin da yake kai wa kura kullum da wanda ba ya ganinsu sai famfo ya ɗauke. Kuɗin ruwan wata na iya cinye rangwamen da ka samu a haya.

Mun yi zaɓen 2023 a nan. Ranakun gangamin siyasa mun ji ihu a babban titi, mun ga samari a bayan motoci da sanduna, na hana yara zuwa islamiyya kwana biyu. An ƙwace wayar ɗan maƙwabcina a bakin titi da magariba, abin ya taɓa ni ƙwarai. Amma cikin layinmu ba wanda ya shigo, don dattawa sun fito da kujerunsu sun zauna a baki.

Ga abin da na fahimta. Wurin ya dace da magidancin da ke dawowa gida da wuri, mai shiga jama'a, mai zuwa suna da jana'iza. Wanda aikinsa na kwana ne ko na tafiye-tafiye, kuma yana da yaro namiji ɗan shekara 14 ko 15, shi nake ji wa tsoro. Kowa 'ya'ya mata ya yi ta ambata mini, amma yaron da ba a san da wa yake yini ba shi ake ja cikin Kalare.

Roƙona gare ku 'yan jarida, idan abu ya faru ku faɗi takamaiman wurin, kada ku ɗora wa unguwa ɗungurungum. Na ga saurayi mai natsuwa, mahaddaci, da aka ja masa rai wajen neman aure don kawai an ji inda gidansu yake. Unguwar nan ce ta haifi Sheikh Isa Ali Pantami, wanda ya riƙe ma'aikatar sadarwa ta ƙasa daga 2019 zuwa 2023, kuma akwai malamai da ma'aikatan jinya da teloli birjik da ba a taɓa buga labarinsu ba.

A makon jiya wani sabon abokin aiki da aka turo daga Misau ya tambaye ni ko ya kama gida a kusa da mu. Na ce masa ya zo ya kwana biyu a ɗakin baƙina, mu yi isha'i da asuba tare, sannan ya jira ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi mu je mu duba gidan tun ƙasa ba ta tsane ba.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Pantami, Gombe