Wasiƙa zuwa ga Lawali: abin da Guy da Geneviève suka haɗiye a gidan mai

Lawali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da kai da iyali da su Inna. Yaya sanyin Damagaram? Allah ya sa mu ga wucewarsa lafiya.

Saƙonka ya iso, na kuma ji hukuncin da ka yanke wa ƙarshen Les Parapluies de Cherbourg, fim ɗin Jacques Demy na 1964. Ka ce Guy mutum ne mai riƙo, tunda aka ce masa ga 'yarsa can a mota ya ƙi ko leƙa ta. Ita kuma Geneviève ka ce kuɗi ta bi, sannan ta dawo yi masa fariya da mota da sutura. Ban yarda da ko ɗaya ba. Tunda kana shirin nuna wa yaranka masu koyon rubutun fim wannan wurin, ina roƙonka ka sake kallonsa yadda zan faɗa maka kafin ka tsaya gabansu.

Fara da lissafin lokaci, domin fim ɗin da kansa yana rubuta wata da shekara a fuskar allo. A Nuwamba 1957 aka kira Guy aikin soja na shekara biyu a yaƙin Aljeriya, yana bakanike ɗan shekara 20, ita tana 17. Ya tafi ya bar ta da ciki. Wasiƙunsa suka yi ƙaranci, shagon laimar mahaifiyarta bashi ya yi masa katutu, ga Roland Cassard mai fataucin lu'ulu'u ya ce ya ji ya gani, zai aure ta da cikin. A 1958 aka ɗaura. Guy ya dawo a Maris 1959 da rauni a ƙafa, ya tarar babu shago babu masoyiya. Haɗuwar gidan mai kuwa sai Disamba 1963. Shekara shida ke nan rabonsu da juna, yarinyar ta kai shekara biyar, shi ma ya auri Madeleine, mai jinyar gwaggonsa, har da ɗa. Duk wanda ya manta da waɗannan shekaru shida zai riƙa jiran a ce tsohuwar zuma ta motsa, in bai ga haka ba sai ya ce mutanen ba su da zuciya.

Abu na biyu, ka buɗe taswirar Faransa. Geneviève ta ce daga gidan surukarta take a yankin Anjou, ta ɗauko yarinyar za su koma Faris, sai ta ɗan ratse ta Cherbourg. Daga Angers, babban birnin Anjou, zuwa Faris wajen kilomita 300 ne, hanya ta miƙe gabas da arewa. Cherbourg kuwa tana can ƙarshen wani tsirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, ba a bi ta nan a wuce ko'ina, kuma daga can zuwa Faris wajen kilomita 350 ne. Tafiyar ta ninka ke nan, da dare, cikin dusar ƙanƙara, da ƙaramar yarinya a mota. Kamar mutum ne ya taso daga Maraɗi za shi Damagaram, ya ce maka ya ɗan biya ta Tawa. Ta ce ba ta zaci za ta gamu da shi ba, kuma na yarda da ita, domin ba ta san gidan man nasa ba ne. Amma garin da gangan ta zo shi, karo na farko tun aurenta, watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarta. Mai zuwa fariya ba haka take zuwa ba. Wannan mace ce da ta rasa mutum na ƙarshe da ya san ta tana budurwa, ta zo duba inda ta bar ƙuruciyarta.

Yanzu ka kashe sautin gaba ɗaya ka kalla. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan har ƙafa da kafaɗa sai ka tambaya. Duba tazarar da ke tsakaninsu a cikin ofis, da yadda idanunsu ke haɗuwa su rabu da sauri, da inda kowa yake kai dubansa in ya kawar da kai. Ita tana duban bishiyar Kirsimeti da ɗakin, wato rayuwar da ya gina. Ka tuna tun farkon fim ya gaya mata burinsa shi ne ya mallaki farin gidan mai, ta tsokane shi cewa zai wuni yana warin fetur, suna murna. To ga shi tana tsaye a tsakiyar wannan burin, an cika shi daidai yadda aka tsara, sai dai da wata matar. Duba launi kuma. Fim ɗin da ya cika ido da bango ruwan hoda da shuɗi da kore, ya ƙare da farin ƙanƙara da baƙar Marsandi da duhun dare.

Sai ka mayar da sauti, ka ɗauki biro ka rubuta tambayoyin kawai, ka ware na kowa. Kai da ke jin Faransanci ba ka buƙatar rubutun ƙasan allo, wannan kuwa babbar sa'a ce, domin fassara tana daddaƙe irin waɗannan gajerun maganganu. Za ka ga babu wanda ya ce me ya sa. Babu wanda ya nemi gafara. Ba a ambaci sunan Cassard ko na Madeleine ba. Ita ta shigo da mijinta ta bayan gida, da ta ce aurenta da surukarta. Shi ma ta nan ya shigo da nasa iyalin: ta yaba bishiyar ta tambaya ko shi ya ƙawata ta, ya ce matarsa ce, kuma saboda yaro aka yi. Tambayarta ba ta bishiya ba ce, so take ta san ko shi kaɗai ne. Ya gane, ya ba ta amsa biyu a numfashi ɗaya, mata da ɗa. Amsar da ta mayar gajeriya ce ƙwarai, irin ta wanda ya ji abin da yake tsammani amma duk da haka ya soke shi.

Tambayoyin da suka fito daga cikin Guy biyu ne. Ya lura da baƙin da ta sa ya tambaya ko rasuwa aka yi mata. Mai riƙo ba ya lura da wannan, balle da yake wadda ta rasun mahaifiyarta ce, matar da ta tsaya tsayin daka wajen raba su. Ta biyun ita ce wane suna ta sa wa yarinyar. Nan ne zuciyar wurin take, Lawali, kuma nan na fi so ka daɗe da yaranka. Tun suna yawon soyayya Geneviève ta ce in sun haifi mace Françoise za ta sa mata. Ta cika wannan, a gidan wani mijin. Shi kuma ɗansa da Madeleine sunansa François. Mu masu kallo mun san haka, domin mun ji an kira yaron kafin motar ta tsaya. Ita ba ta sani ba, shi kuma da ya ji sunan bai ce mata nawa ma haka ba. Da ya faɗa, da ya miƙa mata shaidar cewa bai manta ba, da kuma ya ci amanar matar da ta fita da ɗansa minti kaɗan da suka wuce. Ya haɗiye. Kowannensu ya riƙe alkawari ɗaya tak daga cikin waɗanda suka yi, kuma za su rabu ita ba ta san shi ma ya riƙe ba.

To ƙin ganin yarinyar fa? Akwai kuskure biyu da ake yi a nan. Na farko naka ne, a ce ƙiyayya ce. Na biyu kuwa namu ne na gida, wani cikin yaranka zai iya cewa kunyar ɗan fari ce. Wannan al'adarmu ce, babu ita a Cherbourg, kuma mai kunyar ɗan fari a gida ɗaya yake da ɗansa, suna kawai yake ɓoyewa. Abin da ke gaban Guy daban ne. Yarinyar tana da wanda take kira baba. An ce masa ta ɗebo kamanninsa da yawa. In ya je ya leƙa tagar motar nan ya ga fuskarsa a fuskarta, me zai yi da abin da ya gani? Ba zai karɓe ta ba, ba zai sake ganinta ba, kuma ya san yadda ya lalace a 1959, ya bar aiki, ya koma shaye-shaye, sai da gwaggonsa Élise ta rasu Madeleine ta tsamo shi. Kafin Madeleine ta amince da aurensa sai da ta tambaye shi ko har yanzu Geneviève na ransa. Girgiza kan da ya yi amsa ce ga waccan tambayar. Lura kuma da kai ya amsa, a fim ɗin da ko kuɗin gyaran mota da waƙa ake faɗarsa. Inda murya ta ƙi fita a irin wannan fim, wurin ya yi nauyi ke nan.

Maganar da ya bi da ita, cewa yana ganin za ta iya tafiya, baki biyu gare ta. An gama zuba mai, mota ta shirya. Sannan ya sallame ta. Kada ka bari yaranka su zaɓi ɗaya su yar da ɗaya. Haka nan yaron gidan man da ya kutso yana tambayar wane irin fetur za a zuba, mai tsada ko na gama-gari. Ba don raha aka sa shi ba. Ya shigo daidai lokacin da ta gama bayanin zuwanta, inda dole Guy ya ce wani abu, sai ya cece su duka biyu. Ta ce masa ko wanne, sai da ya nace ta zaɓa, domin hankalinta ba ya kan mota.

Ka saurari wakilin sunan da suke kiran juna da shi. Har yanzu na kusanci ne, kai da ke, ba su koma na girmamawa irin na baƙi ba. Ita ce kuma ta juyo a ƙarshe ta tambaye shi ko yana lafiya. Ya ce lafiya ƙalau, bai mayar mata da tambayar ba. A ganina gaskiya ya faɗa, bai kuma tambaye ta ba don yana tsoron amsar.

Saura kiɗan Michel Legrand. An riga an naɗi waƙoƙin kafin a ɗauki hoto, Danielle Licari ce muryar Geneviève, José Bartel muryar Guy, su Catherine Deneuve da Nino Castelnuovo bakinsu kawai suke bi. Saboda haka duk shirun da ka ji an auna shi tun a takardar kiɗa, ka iya ƙirga daƙiƙoƙinsa da agogo. Karin da suka rabu da shi a tashar jirgin ƙasa, tana cewa ba za ta rayu ba in babu shi, shi ne ya dawo a nan, amma kalmominsa ba su dawo ba, maganar sanyi da fetur aka ɗora a gurbinsu. Bai kuma cika ya tumbatsa ba sai da motar ta tafi, Madeleine da yaro suka dawo, Guy ya sumbaci matarsa ya shiga wasa da ɗansa cikin ƙanƙara, kyamara tana ja da baya tana yin sama. Masu kallo da yawa suna jin kiɗan nan sai su ce ashe yana cikin baƙin ciki, dariyar ta dole ce. Dubi jikinsa, babu dole a ciki. Kiɗan yana makokin yaran nan biyu na 1957 ne, su kuwa babu su a wurin.

In ka ba yaranka aikin rubuta irin wannan haɗuwa, ga inda za su zame: za su sa ɗaya ya yi dogon jawabin zargi, ko su yanko hoton baya don tuna wa mai kallo, ko su sa hawaye. Hana su ukun nan. Ka ce kowane ɗan wasa tambaya uku kawai yake da ita, a kan abin da ido ke gani a ɗakin, kuma a dasa abu ɗaya tun farkon labari, kamar sunan nan, wanda mai kallo kaɗai zai san nauyinsa. In babu dashen farko, shirun ƙarshe fanko ne, shi ya sa bai kamata ka nuna musu wurin shi kaɗai ba. Fim ɗin duka minti 91 ne, su kalle shi daga farko.

Ka rubuto mini abin da suka ce game da girgiza kan, musamman 'yan matan ajin. A gaida Hajiya da yara, a gaida Malam Issa.

Naka,
Habibu