Wasiƙa Zuwa Landan Kan Na'urar Kallon Hajiya

Gwammaja, Kano.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya aiki, yaya kuma sanyin garin naku? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hunturu ya shigo mana da ƙarfinsa, ƙura ta rufe gari, kowa leɓe a tsage. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gidanku na gaida Hajiya, na same ta cikin ƙoshin lafiya, in ban da ƙafar nan da ke taɓa ta in sanyi ya yi yawa.

Saƙonka ya iso, har da hoton na'urar da ka gani a kanti, wadda ka ce tana karanta faifan Blu-ray da DVD, kuma tana hawa intanet a kalli YouTube da Netflix. Ka ce in ba ka shawara kafin ka saya wa Hajiya. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. A gajarce dai, mutumina, ka dakata da sayen. Niyyarka mai kyau ce, Allah Ya saka da alheri, amma na'urar an ƙera ta ne don gida irin naku na can, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma intanet ke shigowa ta waya har cikin falo, a biya kuɗin wata a yi ta kallo ba lissafi.

Bari in fara da ɓangaren intanet ɗin, tunda shi ya fi burge ka. Ka san gidan Hajiya babu rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. In za a haɗa na'urar, sai dai auta ya buɗe hotspot na wayarsa, ko a sayi ɗan MiFi a ajiye kusa da talabijin. To, Netflix da kansu sun faɗi abin da kallo ke ci: awa ɗaya a hoto na tsaka-tsaki kusan giga 1, in hoto mai kyau ne na HD har giga 3, na 4K kuwa har giga 7. A waya mutum yana iya rage hoton ya lallaɓa, don allon ƙarami ne ba a ganin muni. A babban allo kuwa, da ka rage sai fuskokin mutane su dagule. Kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, tun daga lokacin kowa ya koma ƙirga megabayit. Ka ƙaddara jikokin Hajiya sun zo hutu sun gano inda katun yake. Datar wata guda ba za ta kai la'asar ba, kuma kai za a kira.

Ko da datar ta wadata, akwai sabis. Gidanku na cikin lungu ne, katanga mai kauri, rufi kwano. Kai kanka ka san in za ka yi magana da Hajiya ta bidiyo sai ta fito tsakar gida wajen bishiyar darbejiya. Na'urar da ke girke ƙarƙashin talabijin ba za ta bi ta can ba.

Wani abin da mai kanti ba zai gaya maka ba shi ne, ɓangaren intanet ɗin ya fi saurin tsufa. Injin da ke juya faifai zai iya shekara goma yana aiki, amma manhajojin da ke ciki rayuwarsu tana hannun masu su. A 2015 YouTube ta daina aiki a kan wasu talabijin da na'urorin Blu-ray da aka ƙera a 2012 ko kafin nan, saboda an sauya tsarin da suke magana da shi. A ƙarshen 2019 Netflix ma ta janye daga wasu tsofaffin na'urori. Injin lafiyarsa ƙalau, maɓallin yana nan a jikin rimot, amma in ka danna ba abin da zai fito. Kuma su kansu masu ƙerawar suna ta zamewa. LG ce ta fito da irin wannan haɗin gambizar tun 2008, na'urar Blu-ray mai kama Netflix, amma a ƙarshen 2024 ta daina ƙera su. Samsung ta riga ta, tun 2019 ta ce ba za ta ƙara fitar da sababbi a kasuwar Amurka ba. Netflix ɗin ma da ta fara da aika wa mutane DVD ta gidan waya, ta rufe wannan sashen a watan Satumban 2023. Kamfanin da ya daina ƙera kaya ba na jin zai ci gaba da wahalar sabunta manhajar da ke cikinsu.

Sai ɓangaren faifai. Ta wajen wuta ba ka da matsala, Ingila da Nijeriya duka 230 ne, filogi ma iri ɗaya mai ƙafa uku. Da a Amurka kake da sai an nemi taransifoma. Faifan Blu-ray ana kulle shi ga yankin da aka yi shi dominsa, amma na Turai da na Afirka rukuninsu ɗaya, wato B. Amma ina Hajiya za ta samu faifan Blu-ray a Kano? Ya fito a 2006, yana ɗaukar giga 25 ko 50 inda DVD ke ɗaukar 4.7, hotonsa tar, ba musu. Sai dai mu bai taɓa zama abin kasuwarmu ba. Daga kaset muka koma VCD, daga nan DVD, daga DVD kuma muka yi tsalle muka faɗa memori da waya. Fina-finanmu na Hausa ban taɓa cin karo da ko ɗaya a Blu-ray ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne kwalin nan na ƙarƙashin gadon Hajiya. Na roƙe ta ta sa aka jawo shi muka duba. Galibin abin da ke ciki VCD ne, irin mai zuwa biyu-biyu a jaka ɗaya ta takarda, da wasu DVD da aka buga a shago aka rubuta sunansu da maka. Na'urorin Blu-ray da yawa ba sa karanta VCD ko kaɗan, za ka saka ya yi ta juyi ya tofo maka shi. 'Yar ƙaramar DVD ɗin China kuwa, wadda ake sayarwa a Sabon Gari, ba ta da zaɓe, duk abin da ka ɗora mata za ta karanta. Bayan haka, sababbin Blu-ray ba su da ramin nan rawaya na hoto, wanda ke zuwa tare da ja da fari, sai HDMI kawai. Talabijin ɗin ɗakin Hajiya kuwa har yanzu tsohuwar nan ce mai ƙaton baya, wadda ta hana a canja. Filasmar da ka aiko da kuɗinta tana falo, ta bar wa baƙi da yara. Ka ga ke nan ko an kawo na'urar, ɗakin da take kwana ba za ta shiga ba.

Rabonka da Ƙofar Wambai ya daɗe, da ka ga yadda ta koma. Ka tuna lokacin da in sabon fim zai fito layin 'yan kaset ba ya shiguwa, dillalai daga Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram kowa na jiran kwalinsa, fasta manne ko'ina, lasifika na tashi? Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 harkar fim ɗin Hausa ta ginu a kan abin da za a riƙe a hannu a kai gida, kaset da farko, daga baya faifai. Yanzu yawancin masu shagunan sun koma wata sana'ar. Yaran da ke bin motoci a danja da faifai a hannu, da masu turawa a baro, sai ka yi yawo ba ka ga ɗaya ba.

Wanda ya gaje su shi ne mai tura fim. Za ka gan shi a bakin titi ko a Farm Centre, ɗan tebur da laftof da lema, wayoyin caji sun yi masa rassa, ga benci cike da masu jira. Ka miƙa masa waya ko memori ko filashi, ka ce fassarar Indiya kake so, ko ci gaban shirin da aka saki jiya, ko wa'azi. Ya jona, ya ja fayil ya jefa, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an cika maka, ka ba da 'yan canji ka tafi. Shi ya sauke sau ɗaya da datarsa cikin dare, unguwa guda ta kalla. Masu shirya fim sun daɗe suna kuka da wannan, kuma suna da gaskiya, don guminsu ne. Daga baya su ma suka bi inda ido ya koma, suka rungumi shiri mai dogon zango, kowane mako kashi ɗaya a YouTube ko a Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Hajiya ma abin da take bi ke nan da daddare ta dikoda, ba ta biyan ko sisi na data. Netflix ta shigo Nijeriya tun Janairun 2016, amma ka tambayi kanka me ke ciki da Hajiya za ta zauna ta kalla da harshen da take ji.

Ni kaina wani lokacin ina kewar zamanin faifan. Ba don hoton ba, hoton VCD ai dishi-dishi ne. Abin da nake kewa shi ne zaman. A tayar da janareta bayan isha'i, a shimfiɗa tabarma, yaran maƙwabta su cika ƙofar ɗaki, in faifan farko ya ƙare a yi ta gardamar wanda zai tashi ya sa na biyu. Yanzu a gidana kowa da wayarsa da abin kunnensa, mutum biyar a falo ɗaya kowa na dariyarsa daban. Na san wani ɓangare na abin da kake nema wa Hajiya ke nan, a taru a gaban allo ɗaya. To wannan ramin filashi ma ya isa ya yi shi, kuma filasmar falo tana da shi.

Tsohuwar DVD ɗinta da aka ce ta mutu, na ɗauka na kai wa wani mai gyara a Sabon Gari. A gabana ya kwance ta. Ƙura ce ta yi mata kauri a ciki, har da gawar kyankyaso. Ya hure ta, ya ɗan jiƙa auduga da sifirit ya goge idon da ke karanta faifai a hankali, sannan ya nuna mini wata 'yar roba siririya da ke jan tiren, ta saki ta yi laushi, shi ya sa tiren yake fitowa rabi ya tsaya. Ya canja ta da wata da ya ciro daga gawar wata na'urar. Ya ɗauko faifan gwajinsa ya saka, sai ga hoto. Abin da na biya bai kai kuɗin Adaidaita na zuwa da dawowa ba. Ya ce in dai ana rufe ta da ƙyalle lokacin hunturu, kuma ana zare ta daga soket in an ɗauke wuta, don dawowar wutar da ƙarfi ita ke ƙona su, za ta ƙara shekaru.

Da na mayar da ita muka zauna gwada faifan ɗaya bayan ɗaya. Na tafsirin marigayi Malam Isa Waziri sun yi, Hajiya har da murmushi da ta ji muryar. Fina-finan wasu sun yi, wasu sun karce sun gaji. Sai muka zo kan na bikinka. Aminina, nan ne maganar take. Ya fara lafiya, ga mu nan a wajen ɗaurin aure, ni da wata hula da ban san inda na samo ta ba. Ga Baba, Allah Ya jiƙansa, yana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, yana gyara babbar rigarsa. Ana zuwa wajen da ya fara yi muku addu'a sai hoton ya cije, ya farfashe, ya yi tsalle zuwa wajen kamu. Na fitar na goge na mayar, haka dai. Na ɗaga shi a haske, sai na ga bayan nan mai ruwan shuni ya fara dusashewa daga gefe. Faifan da aka buga a shago ba irin na kamfani ba ne, wani rini ne a ciki ke riƙe bayanan, kuma zafi da haske suna cin sa sannu a hankali. Ka san kuwa zafin Kano a watan Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano. Na sunan babbar 'yarka da na walimar dawowar Hajiya daga Makka su ma irinsa ne. Waɗannan babu su a YouTube, babu su wajen mai tura fim, in suka tafi sun tafi.

Don haka ga abin da nake gani. Kuɗin na'urar ka raba shi. Ka sayo hadis na waje (hard disk, ma'ajiyar fayil ta kwamfuta) mai kyau guda ɗaya da filashi biyu, a can, don na nan jabu ya yi yawa, za a rubuta maka giga 64 a jiki alhali cikinsa ko 8 bai kai ba. Ka haɗo da ɗan injin karanta DVD da ake jona wa laftof ta USB, tunda laftof na yanzu ba sa zuwa da shi. Ni zan zauna da auta mu kwashe duk abin da ke kwalin, mu fara da na iyali. Na bikin zan gwada shi a injuna daban-daban, don wani idon yana karanta abin da wani ya kasa. In kuma ka san wanda aka ba kwafi a lokacin, cikin dangin amarya ko abokanmu, ka gaya mini in bi sawu. Ina kyautata zaton yayarka ta Kaduna tana da ɗaya. Idan an gama, filashi ɗaya ya zauna jikin filasmar falo, ɗaya in ba mai zuwa ya kawo maka, hadis ɗin kuma in ajiye a wajena.

In har yanzu ranka na son Hajiya ta riƙa ganin YouTube a babban allo, wannan ɗan akwatin Android ya isa, ana samunsa a nan, in ya tsufa a sake wani ba tare da an ji ciwo ba. Amma ka fara tanadin wanda zai riƙa sa data duk wata, da wanda zai ɓoye rimot in jikoki sun zo. Abin da ita ta roƙa da bakinta dai, da na ce mata kana shirin aiko da kaya, shi ne fanka mai caji da man zafi na ƙafa irin wanda ka kawo wancan zuwan.

Ka sanar da ni ranar da mai tahowar zai taso, in je filin jirgi na Malam Aminu Kano in karɓa da kaina. Maiɗakina tana gaida taka, ta ce har yanzu tana jiran hotunan yara da aka yi mata alkawari. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, suna tambaya ko da kai za a yi Sallah bana.

Wassalam.

Naka,
amininka na Gwammaja.