A gyara lissafin sito kafin a dogara da kwamfuta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan kasuwarmu, musamman masu sari a Singa da Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano. Alhaji zai sayi kwamfuta da firintar rasit, a saka masa manhajar lissafi, ba a daɗe ba sai ka tarar an lulluɓe ta da leda an koma littafi, wai ba ta ba da daidai. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau, tun ranar farko aka ɓata aikin.

Kwamfuta ba ta san abin da ke sito ba sai abin da aka gaya mata. Don haka ranar da za a fara, a rufe shago a ƙirga kaya da hannu, a shigar da adadin tare da kuɗin da aka saro kowanne. Wanda ya kwafe daga tsohon littafi ya kwaso tsohuwar ɓarna ke nan.

Inda aka fi faɗawa shi ne ma'auni. Katan ɗin taliya leda 20 ne. Idan an shigar da shi a matsayin guda ɗaya, yaron shago ya sayar da leda uku ya buga 3, manhaja za ta cire katan uku cur. Kafin mako ya zagayo ta nuna kaya sun ƙare alhali ga su jibge, kuɗin da ta lissafa kuma ya fi wanda ke hannu, sai a fara zargin yara da sata ba su ji ba ba su gani ba. Dole tun farko a faɗa mata katan leda nawa ne, dozin 12 ne, bandir yadi nawa ne. Kuma kowane kaya suna ɗaya tak. Idan yau an rubuta madara ƙarama, gobe ƙaramar madara, kaya biyu ne a wurinta.

Sai farashin sari. A ce ka saro katan a kan naira 15,000, kana sayarwa 16,500, kamfani ya ƙara kuɗi ya koma 17,000. Manhaja za ta ci gaba da nuna ribar 1,500, kai kuwa kuɗin hannunka ba zai mayar da katan ɗin ba. Duk motar da aka sauke, a shigar da sabon farashi nan take, a sake duba na sayarwa.

Kada kowa ya shiga da lambar sirrin maigida. Mai sayarwa ya sayar kawai. Goge rasit, rage farashi da yafe bashi su tsaya a hannun mutum ɗaya. Haka bashi: a rubuta shi da sunan mai karɓa a lokacin, ba a bari sai dare ba.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki da yawa ya koma tiransifa da POS. Kullum kafin a tashi a haɗa tsabar kuɗi, na POS, na tiransifa da bashin ranar, a gani ko sun yi daidai da jimillar da manhaja ta fitar. Tiransifa kuwa a tabbatar da ita a manhajar banki, domin saƙon alat ana ƙirƙirar na bogi.

Wanda ya fi damuna shi ne ajiyar bayanai. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta isa darasi: kwamfutar da ke cikin shago tare da kaya za ta ƙone, da sunayen duk masu bashi. A kwafe bayanan kowace yamma a filashi a tafi da shi gida, ko a ɗora a Google Drive, ma'ajiyar bayanai ta intanet, sannan sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a gani ko yana aiki. A haɗa kwamfutar da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, saboda ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta rasit na iya lalata rumbun bayanan.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su shirya wa yaran shago horo kan waɗannan abubuwa, su kuma sharɗanta wa masu saka manhaja su tsaya a yi ƙirgar farko da su kafin a cika musu kuɗinsu.

Wassalam.
Daga wani akanta, Kano.