Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke tallata wayoyin sauti masu tsada a Zamfara

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Mu masu haɗa kayan sauti da gyaransu ne a Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Ƙorafinmu yana kan wayoyin HDMI da USB da na haske da dillalanku ke sayar wa kwamitocin masallatai da gidajen kallon ƙwallo da masu hayar lasifika, a kan kuɗin da ya ninka na wayar kirki sau da yawa. A jikin kwalin an rubuta cewa wayar tana ƙara wa murya garɗi, tana sa kiɗa ya yi nauyi. Wannan magana ba gaskiya ba ce.

Wayar dijital irin waɗannan ba sauti take ɗauka ba, lambobi take ɗauka, sifili da ɗaya. Sautin faifan CD ana auna shi sau 44,100 a sakan ɗaya, bit 16, ɓangare biyu, abin da ya kama kusan megabit 1.4 a sakan. USB 2.0 tana ɗaukar megabit 480, HDMI 2.0 kuma gigabit 18. Ke nan kayan bai kai ko kusa da ƙarfin hanyar ba. In lambobin sun isa daidai, sautin ɗaya ne, ko da wace waya aka bi. In waya ta lalace, za a ji ƙas-ƙas ko sauti ya riƙa ɗaukewa, a talabijin kuma a ga ɗige-ɗige fari ko hoton ya tafi gaba ɗaya. Babu wani matsayi a tsakani da murya za ta rage zaƙi. Kamar tura kuɗi ne: wanda ya tura naira dubu goma ta wayar salula mai tsada, dubu goma za ta isa, ba za a ga ƙari ba.

Dillalanku kan fake da maganar rawar lokaci, wato lambobi su iso ba a kan ƙa'idar agogo ba. Matsalar tana nan, musamman a haɗin S/PDIF, wata hanyar aika sautin dijital tsakanin na'urori, inda na'urar da ke karɓa take ciro agogonta daga cikin saƙon. Amma maganinta yana cikin na'urar DAC mai mayar da lambobi sauti: na zamani suna tara saƙon, sannan su fitar da shi da nasu agogon. Abin da ake nema ga waya kawai shi ne ta cika ma'auni. Ta S/PDIF mai bakin jonawa irin RCA ohm 75 (ohm ma'aunin turjiyar lantarki ne), ta AES/EBU, takwararta ta ƙwararru, mai bakin XLR ohm 110, ta USB 2.0 kada ta wuce mita 5. Ko ɗaya daga waɗannan ba a rubuta a kwalinku ba. Haka wayarku ta HDMI ba ta ɗauke da tambarin tantancewa mai lambar QR da ake liƙa wa waɗanda aka gwada.

Sai batun zinariya. Amfaninta a bakin waya shi ne hana tsatsa, shi ke nan; jan ƙarfe ma ya fi ta ɗaukar lantarki. Abin dariya, har wayarku ta haske an yi wa bakinta ruwan zinariya, alhali haske ne ke bi ta cikin zaren roba, lantarki ba ya ratsa wurin ko kaɗan. Cewa kuma sai waya ta yi awanni da yawa tana aiki kafin ta "nuna", ba mu ga abin da yake yi ba illa jinkirta mai saye har lokacin mayar da kaya ya wuce.

Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne, mai saye yana da matsala ta gaske, sai a karkatar da kuɗinsa. Gurnanin da ake ji a lasifikar masallaci lokacin tafsiri yawanci daga wuta yake: an jona cajar kwamfuta da mikisa da amfilifaya a soket daban-daban, ko a janareta marar wayar ƙasa, sai ƙarar lantarki mai zagaye 50 a sakan ta shiga layin. Maganinsa a tara kayan a layin wuta ɗaya mai wayar ƙasa, a sa akwatin DI, ƙaramar na'ura mai yanke irin wannan gurnani, tsakanin kwamfuta da mikisa, makirufo mai nisa kuma a ja shi da wayar XLR mai ƙafa uku. Wayar lasifika da ta kai mita 20 tana son kauri kamar murabba'in milimita 2.5 na jan ƙarfe zalla, domin ta alminiyon da aka yi wa rufin jan ƙarfe tana cinye ƙarfin amfilifaya. Ƙurar hunturu da ke cika ramukan jonawa kuwa burushi da man goge haɗi sun ishe ta. A nan waya ke da tasiri, kuma duk kuɗin gyaran bai kai na wayarku guda ba.

In kuna da ja, ga gwaji mai sauƙi. A ɗauki sauti ɗaya ta wayarku, a sake ɗauka ta waya mai araha da ta cika ma'auni, a daidaita farkonsu a kwamfuta, a kifar da igiyar sautin ɗaya, samanta ya koma ƙasa, a haɗa su. In iri ɗaya ne, shiru za a ji. Ko a zaunar da masu sauraro bayan labule, a sauya wayoyin sau 20 ba tare da sun gani ba, a ga ko za su wuce sa'ar canki-canka. Mun yarda a yi shi a Gusau, da kayanku, a gaban dillalanku.

Muna neman ku cire maganar ƙara daɗin sauti daga kwali da talla, ku rubuta ainihin ma'auni da irin ƙarfen da ke ciki, ku kuma mayar wa duk wanda ya kawo waya da rasit kuɗinsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana tallan yaudara. In ba mu ji daga gare ku ba cikin wata ɗaya, za mu miƙa wannan takarda ga FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye.

Mu ne naku,
Masu haɗa kayan sauti da gyaransu, Jihar Zamfara