Kwatarkwashi da muke wucewa gilashi a rufe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in hwaɗi abin da ya same ni kan hanyar Zariya satin da ya wuce. Mun taso daga Sakkwato da sassafe za mu ɗaurin aure, ni da ƙanena da abokinshi mai mota, munka bi Shuni, Dange, Tureta, Talata Mafara har Gusau ba wanda ya ce a tsaya sai shan mai, kai ma ka san yanda hanyar ga ta koma, gilashi a rufe kowa na jan addu'a a zuci. Muna fita Gusau kaɗan taya ta yi faci daidai Kwatarkwashi, dole munka gangara wurin mai faci.

Wallahi na fi shekara ashirin ina bin hanyar nan, dutsen nan na Kwatarkwashi kullum ta taga nake ganinshi, ban taɓa sa ƙafa ƙasa ba sai ranar. Ashe daga mota ba ka ganin komai. In ka tsaya gindinshi sai hularka ta nemi faɗuwa kafin ka hango samanshi, baƙi wuluk ga zane-zanen da ruwan sama ya bari a jikinshi, gidajen ƙasa da rumbuna sun lafe ƙarƙashi, awaki na hawa inda mutum ba ya iyawa, ga dawa ta yi kai ko'ina kore shar. Na ciro waya na fara ɗaukar hoto kamar baƙauye ya shigo birni.

Ban yi hoto biyar ba wani saurayi ya tare ni, wai malam daga ina, hoton me kake ɗauka, wa ya aiko ka. Raina ya ɗan ɓaci amma ban ga laifinshi ba, a ƙasar da infoma sunka hana mutane barci baƙo da waya a hannu abin tsoro ne. Wani dattijo da ke zaune gindin bedi shi ya raba mu, ya ce ɗana daga jin bakinka Basakkwace ne, zo zauna. Na ce Baba ai gida ɗaya muke, sai 1996 anka yanke Zamfara daga jikinmu. Ya yi dariya ya sa anka kawo min hura, ya shiga ba ni labarin bikin kamun maiki da samari ke hawa dutsen a da, da kuma marigayi Sarki Ahmad Umar da ya yi shekara 61 kan gadon sarauta kafin rasuwarshi a 2022. Saurayin nan kuma shi ya koma ɗan rakiyata, har ya nuna min lungun da dutsen ke fitowa gaba ɗaya cikin hoto.

To ga ƙorafina Malam Edita. Duk sanda sunan Bunguɗu ko Tsafe, wato yankin da Kwatarkwashi take, ya fito a jarida, an kashe ne ko an sace, kuma ba ƙarya kuke ba, abin na faruwa. Amma yarana sun san hoton dutsen Zuma saboda yana jikin naira ɗari, da na nuna musu na Kwatarkwashi ƙaramar cewa ta yi Baba wanga Abuja ne? Ku tura mai hoto da wakili su kwana biyu a garin, su fara gaida masarauta kafin su ciro kyamara don kar a yi musu irin tawa, su zauna da tsofaffin da sunka ga kamun maiki da idonsu tun suna raye.

Mai faci ya gama cikin minti arba'in, direba na ta danna hon wai kar la'asar ta same mu kafin Funtuwa, ko hurar ban shanye ba.

Naku,
mai karatu daga Mabera, Sakkwato.