Matsoracin kare ba da sanda ake gyara shi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana a kan wani aiki da mutane ƙalilan suke yi a nan Jos da kyakkyawar niyya, amma sau da yawa ba bisa ƙa'ida ba, wato tsintar karnukan da aka yasar da kula da su har a samar musu gida. Ana sayen kare don gadi, in ya kamu da ƙazwa ko ciyar da shi ya yi nauyi sai a buɗe masa ƙofa. Wasu kuma masu tausayi ne ke fanso su daga hannun dillalai kafin a kai su kasuwar karnuka ta Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke. Irin waɗannan karnuka sukan iso matsuguni, wato wurin da ake ajiye su kafin a samar musu gida, a firgice, su maƙale a kusurwa, su ƙi ci, in an matsa su kai cizo. Mai kula da su sai ya ce taurin kai ne ko mugunta, ya ɗauko sanda. Daga nan ake ɓata aikin. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma karen da ya tashi cikin jifa da sarƙa hannun mutum ne tsummansa.

Kafin a zo maganar rarrashi, akwai tambayar da ta shafi rai: tsoro ne ko haukan kare? Jama'a sun fi sanin mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai nau'i na biyu da ya fi yaudara, inda karen yake yin shiru, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, yawu ya riƙa dalala, muryarsa ta sauya, ƙafafun baya su fara shanyewa. Wanda bai sani ba sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya zura hannu a bakinsa. Kada a kuskura. Duk sabon kare da ba a san tarihin allurarsa ba a keɓe shi kwana 14 shi kaɗai, da kaskonsa da kwanon ruwansa daban, a kira likitan dabbobi ya duba shi. Wannan keɓewa ba ta wanke shi daga zargi gaba ɗaya, domin cutar takan ɓuya makonni ko watanni kafin ta bayyana, don haka a ci gaba da lura. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba a jira gobe ba, shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana dubawa. In ya mutu a cikin kwanakin, kada a fasa kansa ko a jefar da shi a kwata. Ƙwaƙwalwarsa ake gwadawa, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda take nan tun 1924, tana wannan gwaji, tana kuma sarrafa allurar rigakafin. Muna da ita a bakin ƙofa, abin kunya ne a ce kare ya wuce wata uku a Filato ba a yi masa allura ba. Masu aikin matsuguni su ma ya kamata su karɓi tasu allurar tun kafin wani abu ya faru.

Ciwo ma yana sa kare ya yi kama da matsoraci. Kunne mai ruɓa, haƙori da ya karye, gyambon da sarƙa ta yi a wuya, zazzaɓin da kaska ke kawowa, kowannensu ya isa ya sa kare ya ƙi a taɓa shi. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya kaɗan, in ya kai 40 akwai matsala. Abubuwa uku muke roƙon a daina: shafa baƙin mai a jikin mai ƙazwa, zuba fiya-fiya don kashe kaska, da ba kare farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane. Duk ukun suna iya kashewa. Wanda yunwa ta rame kuwa kada a cika masa kasko a ranar farko don tausayi. A fara da kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da ya kamata ya ci, a raba sau huɗu a yini, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda. Cikin da ya daɗe a wofi in aka ɗura masa abinci da yawa lokaci guda yana iya jawo amai da gudawa, har da mutuwa.

Ɗakin da za a ajiye shi ya kasance nesa da janareta da ƙofar shiga, kuma kada ya fuskanci kejin wani kare mai yawan haushi. A sa masa maɓoya: akwatin katako ko keji da aka lulluɓe gefe uku da buhu ko tsohon bargo, a ɗaga shi daga siminti. Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu ya san abin da siminti ke yi wa ramammen kare mai ƙazwa da dare. Wannan maɓoya hurumi ce. Ba a zura hannu a ciki, ba a jawo shi daga ciki, ko da kuwa don a yi wanki ne. In akwai hali a yi ɗaki mai ɓangare biyu da ƙofa a tsakani, a wanke gefe ɗaya yana ɗayan, ba a riƙa watsa ruwa da tiyo yana ciki ba. Wajen wanki, a fara kwashe kashi a goge da sabulu, sannan a zuba bilic, irin na kasuwa mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, kofi ɗaya a kofi 20 na ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye, a bari ya bushe. Wannan haɗi yana kashe ƙwayar cutar fabo mai sa 'yan kwikwiyo gudawar jini, wadda yawancin magungunan wanke banɗaki masu ƙarfin wari ba sa kashewa.

Yanzu ga ainihin aikin. Kare yana magana da jikinsa tun kafin ya yi gurnani. Zai lashi leɓe ba abinci a gabansa, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya kau da kai yana kallonka ta gefen ido har farin idon ya bayyana, kunnuwa su kwanta, wutsiya ta shige tsakanin cinyoyi, ya riƙa haki ba zafi ake yi ba. Alamar da ta fi duka haɗari ita ce sandarewa: ya tsaya cak, baki a rufe. Mutane sukan ce ai ya natsu, alhali tura ce ta kai bango, abin da ke biye da ita cizo ne. Gurnani kuwa gargaɗi ne, kuma alheri ne a gare ka. Wanda ya doki kare don ya yi gurnani ya koya masa ne ya daina gargaɗi, gobe sai ya ciji ba sallama.

A kwana ukun farko kada a nemi komai daga wurinsa. Mutum ɗaya, ko biyu in ya zama dole, su riƙa kawo abinci a lokaci ɗaya kullum, su ajiye su fita. Daga nan a fara zama da shi. A shiga a hankali, a zauna a kan ƙaramar kujera kamar taku huɗu ko biyar daga inda yake, a ba shi gefen jiki, ido a ƙasa. Fuskantar kare kai tsaye da zuba masa ido da sunkuyowa a kansa, a wurinsu neman faɗa ne. Kada kuma a zauna tsakaninsa da maɓoyarsa. A tanadi abin da ya fi abincinsa na kullum daɗi, kamar dafaffiyar hanta ko tsokar kaza ba ƙashi ko dafaffen ƙwai, a yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Ban da kilishi da tsire, domin albasa guba ce ga kare, yaji kuma yana ɓata masa ciki.

A nan ne yawancin masu kirki suke kuskure. Sukan riƙe naman a tafin hannu su miƙa, yunwa ta jawo karen har gabansu, ya ɗauke, sannan ya ɗago ya ga kansa dab da abin da yake tsoro, ya kai hari. Abin da ya dace shi ne a jefa naman ya wuce shi, ya faɗi bayansa. Zai juya ya ci, ya sami sararin da yake so, sannan da kansa ya dawo ya ga ko akwai ƙari. Kowace dawowa da ya yi shi ya zaɓa, kuma za a ga tazarar tana raguwa kwana bayan kwana. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a yini, a tashi tun yana marmari. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: in yana ci, tazarar ta yi daidai. In ya ƙi naman da ya ci jiya, an matso da yawa ko an daɗe, sai a ja baya zuwa inda aka yi nasara a baya.

Taɓawa sai ya nemi hakan da kansa, ya zo ya shinshina ya tsaya jikinsa a sake. A sosa ƙirji ko gefen kafaɗa, ba tsakiyar kai ba, a ƙirga uku a janye hannu. In ya matso ko ya tura hanci, a ƙara. In ya kau da kai, ya ce a'a ke nan. Wanda ya kwanta ya buɗe cikinsa yana rawar jiki ba wasa yake nema ba, roƙo yake a ƙyale shi.

Igiya ita ce babbar jarrabawa, musamman ga wanda ya sha sarƙa ko aka kama da zarge. A ajiye ta kusa da kasko na 'yan kwanaki. Sannan a buɗe bakinta da faɗi a riƙe nama ta ɗaya gefen, ya zura kai ya ci ya zare, sau da yawa, ba a ja ba. In an kai ga ɗaurawa, a bar shi ya ja ta a ƙasa cikin fili mai katanga ana kallonsa. Wani da ya ji igiya ta matse sai ya faɗi yana birgima yana cizonta. A sassauta, a tsaya cik, kada a ja, zai lafa. Fita waje kuwa da igiya biyu ake yi, ɗaya a wuya ɗaya a ɗamarar ƙirji, domin firgitaccen kare yana zame abin wuya ta baya cikin ƙiftawar ido. In ya kuɓuce kada a bi shi da gudu da ihu, a buɗe masa hanyar komawa maɓoyarsa. Katanga ta kai mita biyu, a kuma duba ƙarƙashinta, don haƙa suke yi. Takunkumi, irin mai kama da kwando wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki, da nama ake koya shi tun kafin ranar zuwa asibiti, ba a fafe gora ranar tafiya. Sandar kamu mai zarge ta gaggawa ce kawai, amfani da ita sau ɗaya yana iya rushe aikin wata guda.

Wani abu da ba ya cin kuɗi kuma yana aiki ƙwarai shi ne abokin zama. Bayan keɓewa da allura, a haɗa shi da lafiyayyen kare mai sanyin hali wanda ya saba da mutane. Matsoracin zai bi shi ya fito, ya ci, ya bi ƙofar da da yake tsoro. A Amurka, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi mai suna ASPCA tana da cibiya ta musamman don irin waɗannan karnuka a garin Weaverville na jihar North Carolina tun 2018, suna amfani da wannan dabara, kuma duk da kayan aikinsu shirin nasu yakan ɗauki kimanin mako 13. Saboda haka wanda ya yi mako biyu ya ce karen ba zai gyaru ba ya yi garaje. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne shawarar masu cewa a ɗaure shi a bakin titi ko a kai shi kasuwar Taminus cikin hayaniya ya saba. Zai yi shiru, amma shirun wanda ya yanke ƙauna ne, tsoron yana nan ya ƙaru.

Akwai magunguna da likita kan rubuta wa wanda tsoro ya hana ci da barci. Wasu suna aiki cikin sa'o'i, wasu kamar fuluwoksetin sai sun yi mako huɗu zuwa shida. Wata allurar sa barci da ake yawan yi wa karnuka tana kashe jiki ne kawai, karen yana ji yana gani, ya kasa gudu, don haka ba maganin tsoro ba ce.

Mun san wasu masu karatu za su ce me ya haɗa Bahaushe da rarrashin kare. Mafarautanmu da makiyaya sun daɗe da karnuka, kuma kowane ɗalibi ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba mu ce a shigar da shi ɗaki ba, wannan tsakanin mutum ne da malaminsa.

Wajen miƙa shi ga sabon gida a faɗi gaskiyar halinsa, a ba da katin allurarsa, a haɗa da tsohon bargonsa da abincin da ya saba na mako guda. Mai neman karen gadi kada a ba shi matsoraci, domin ɓarawo ba zai kora ba, yaron maƙwabta ko almajirin da ya leƙo zai ciza. Gida mai yara ƙanana ma bai dace da wanda ya taɓa cizo ba. A gargaɗi sabon mai shi cewa zai iya komawa ɓuya a makonnin farko, kuma a guji miƙa shi a ƙarshen Disamba, lokacin da ƙarar nokawut, wato wasan wuta mai fashewa, ta Kirsimeti da sabuwar shekara ke tashi daga Bukuru har Farin Gada. A waɗannan darare a shigar da karnukan ɗakinsu tun kafin magariba, a rufe ƙofa, a kunna rediyo a hankali, a kuma tabbatar kowanne yana da lambar waya a abin wuyansa.

Mun gode, Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Daga wasu likitocin dabbobi da masu kula da karnuka,
Jos, Jihar Filato.