Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Matan da Suka Ƙi Bauta

Assalamu alaikum, iyayenmu mata, malamai, yayye da ƙanne, membobin ƙungiyarmu ta nazarin tarihi. Ga bayanin abin da muka yi a bana, da wanda muka kasa.

Za ku tuna a taron rufe shekarar bara wata 'yar uwa ta tambaya: me ya sa duk tarihin boren bayi da muke karantawa sunayen maza ne? Ba mu iya ba ta amsa ba a ranar. Kwamiti ya mayar da tambayarta jigon zaman wata-wata na wannan shekara.

Mun fara da waɗanda aka ɗan sani. Harriet Tubman ta tsere daga jihar Maryland ta Amurka a 1849, ta yi ta komawa har ta fito da mutane kusan 70, sannan a 1863 ta ja ragamar farmakin kogin Combahee da ya 'yantar da bayi fiye da 700. Mun duba Nanny, wadda ta jagoranci tserarrun bayi a duwatsun Jamaika suka hana sojojin Ingila sakat, wadda hotonta ya hau takardar dala 500 ta ƙasar. Sai Solitude ta tsibirin Gwadalup, da ta shiga yaƙi da ciki lokacin da Napoleon ya maido da bauta a 1802. Faransawa sun jira ta haihu, washegari suka rataye ta.

Amma zaman da ba zan manta ba shi ne na Harriet Jacobs. Ita ba ta ɗauki makami ba. Ubangijinta ya matsa mata da neman lalata, sai ta ɓuya a wani ɗan saƙo ƙarƙashin rufin gidan kakarta a garin Edenton na Amurka, daga 1835 zuwa 1842. Tsawonsa ƙafa 9, faɗi ƙafa 7, tsayinsa a inda ya fi tudu ƙafa 3. Muka kawo igiya da alli muka auna hakan a tsakar zaure, muka kifa benci ya zama rufi. Wata ɗaliba ta shiga, ko zama sosai ba ta iya ba, kafin a gama karanta shafi ɗaya na labarin Jacobs ta fito tana share gumi. Da aka zo wurin da Jacobs ta huda ɗan rami a katako don ta riƙa leƙen 'ya'yanta suna wasa, ba su san uwarsu na saman kansu ba, zauren ya yi tsit. Wata hajiya cikin iyayenmu ta ce, "Wannan ai ya fi yaƙi."

A nan muka samu amsar tambayar bara. Iyayengiji da jami'ansu ne suka rubuta yawancin takardun zamanin, kuma abin da suke jin tsoro suke rubutawa: bindiga, adda, gobara a gonar rake. Mai goyo ba ta iya gudu kamar namiji, don haka turjiyarta ta bi ta ɓuya, da kai wa tserarru abinci, da shiga kotu. Sojourner Truth ta tsere da jaririyarta a 1826, kuma a 1828 ta bi hanyar shari'a ta ƙwato ɗanta da aka sayar zuwa jihar Alabama ta Amurka.

Zaman ƙarshe ya dawo da mu gida, kuma ya ɗau zafi. Mun tattauna shari'ar Hadijatou Mani ta Nijar, wadda aka sayar tana da shekara 12 a 1996 ta zama wahaya, wato baiwar da ake saye a ajiye ta kamar ƙwarƙwara. A 2008 kotun ECOWAS, a zamanta na Yamai, ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Wasu membobi sun ga bai kamata a haɗa wannan da bautar Amurka ba. Ni dai ra'ayina, ba daidai ba ne mu yi kukan ta nesa mu kau da kai daga kuyangi da ƙwarƙwarorin da ke cikin tarihin gidajenmu.

Inda muka gaza: ɗan littafin da muka yi alkawarin bugawa da Hausa bai fito ba. Rubutun ya kammala, kuɗin ɗab'i ne babu, domin da yawanmu ba su biya kuɗin wata ba. Zama biyu na damina sun faɗi saboda ruwa, kuma makarantar da ta yi mana alkawarin zaure ta janye ana gobe taro. Laifina ne da ban nemi wani wuri tun da wuri ba, ina neman afuwa.

A baɗi muna so mu zauna da tsofaffin unguwanninmu mu naɗi abin da suka ji daga kakanninsu game da bayi mata, da izininsu, ba tare da bayyana sunan kowane gida ba. Mai son shiga wannan kwamiti ya ba da sunansa bayan taro. Masu bashin kuɗin wata kuma, don Allah a ga ma'aji kafin a watse.

Wassalam,
Sakatariyar ƙungiya